Neman Kabarin Kaka

Ma'aikacin ɗakin adana takardu ya dire kwalin a gaban Injiniya, ƙura ta tashi har sai da dukansu suka yi atishawa.

"Na masu neman taimako ke nan, ranka ya daɗe. Abin da gara ta rage mana."

Injiniya ya naɗe hannun riga. Kakarsa yake nema, wadda ta haifi mahaifinsa. Ko hotonta bai taɓa gani ba. Mahaifin nasa, babban ɗan kwangila mai gidaje da motoci, ba ya son zancen. In an tambaye shi sai ya ce ta rasu tun yana ƙarami, ya kawo wata maganar. Amma a gadon asibiti, daf da zai cika, ya damƙe hannun Injiniya ya ce, "Uwata. Kada ku bar ta a wulaƙance."

Injiniya ya gane kabarinta ake nufi. Ya yi alkawarin zai nemo shi ya gyara.

Sai dai rabon gado ya fara shan kansa. Ƙannensa suka matsa, aka sa gidan a kasuwa, mai saye ya ce ba ya son ya tarar da kowa a ciki. Injiniya da kansa ya sallami direba da maigadi da kuku da Iya mai wanki, wadda take ɗakin baya kusa da famfo tun kafin a yaye shi. Wankin ma ya fi ƙarfinta, sai dai ninke kaya. Ita kaɗai ta nemi a bar ta ko a ɗakin ajiya ne.

"Haba maigidana, da tsufana za ka sake ni?" in ji ta, da irin zolayar da ta saba yi masa tun yana yaro.

Bai yi dariya ba, lauya na jiransa a mota. Ya ba ta abin sallama, ya ce ta nemi danginta. Da aka gama da gida, sai ya juya ga cika alkawari.

A kwalin nan ya fara cin karo da sunan kakar tasa. Suna iri ɗaya da wanda ke kan takardar haihuwar mahaifinsa. Miji: ya rasu. 'Ya'ya: uku. Sana'a: fasa dutse. An ba ta bargo ɗaya, an rubuta kada ta dawo.

Daga nan ya bi sawunta ofis ofis. A wani tsohon asibiti ya sami katin 'ya'yanta biyu mata, duk tamowa ta kashe su a shekara guda. A kotu ya tarar an taɓa cin ta tara don ta kwana a rumfar kasuwa da yaro a goye. A makarantar da mahaifinsa ya yi, an rubuta cewa uwar ɗalibin ta zo ta durƙusa a bakin ofis, ta ƙi tashi sai da aka mayar da ɗanta aji. Wajen sa hannu, dangwalen yatsa ne, ya shafe rabi, kamar dutse ya cinye zanen fatar.

Injiniya ya daɗe yana kallon dangwalen. Ya tuna yadda mahaifinsa ba ya iya cin abinci a teburi, sai ya ɗauki kwanonsa ya tafi can baya wajen famfo, wai ya fi iska. Talauci ba ya sakin mutum, in ji shi a ransa. Ya ji ƙaunar matar nan ta kama shi, ya kuma ji haushin duniyar da ta bar ta haka.

Abu ɗaya ya rasa: takardar mutuwarta. Ya duba ko'ina, babu.

Adireshin ƙarshe da ya samu wani gidan haya ne a bayan mayanka. Ya ajiye mota nesa, ya tsallake kwata, ya shiga. Ɗakuna a jere kamar akurki, kwanon rufin ya yi tsatsa, banɗaki ɗaya ga kowa. A zaure ya iske wani tsohon tela, ido ɗaya ya yi fari, yana facin wando.

Suka gaisa. Tela ya dubi takalmansa, ya tambaye shi ko shi wane ne. Injiniya ya buɗe baki zai ce jikanta ne, sai ya ji warin gidan, ya ga mata suna leƙe ta bayan labule.

"Daga ofis aka turo ni, Baba. Bincike muke yi."

Ya faɗi sunan. Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa.

"Allah ya jiƙanta. Kun makara, ɗana."

"Na sani. Kabarin kawai nake nema, in akwai mai tunawa."

"Tunawa kuma? Ƙasar ko bushewa ba ta yi ba. Makon jiya muka kai ta. A nan ta cika, kan tabarmar da ka taka, don ɗakinta an daɗe da ba wani. Likkafani ma karo-karo muka yi."

Injiniya ya janye ƙafarsa daga kan tabarmar. "Ina jin ba ita ba ce, Baba. Wadda nake nema ta rasu tun ɗanta yana yaro."

Tela ya yi tsaki, ya ciji zare ya tofar.

"Haka ɗan yake gaya wa manyan mutane. Da ya yi arziki ya zo da mota ya ɗauke ta, bisa sharaɗin ba za ta taɓa cewa ita ta haife shi ba. Ta yarda, don dai ta riƙa ganin jikokinta. Ta ƙare rayuwarta a ɗakin baya tana wanke musu kaya, ɗan na rufe ido, babban jikan ya kore ta."