Rabi na Aiki, Rabi na Hutu

Haladu, tun da ka ce zaman gida ya gagare ka bayan rasuwar matarka, tsaya ka ji misalin wani mai gyaran famfon burtsatse kafin ka ɗaure jakarka. Ni ma na kai tawa makwanci, na san yadda ƙafa take yi wa mutum ƙaiƙayi.

Mutumin nan matarsa Tasalla ta rasu bayan shekara ashirin da huɗu suna tare. Da aka yi rabon gado, danginta suka kwashe nasu, shi kuma aka ɗaure masa kasonsa a buhu biyu, ya jingine a zaure bai kwance ba. Ɗakinta ya ja ƙofar, bai ƙara taka shi ba. Ranakun aiki da sauƙi, don ƙarfe ba ya barin mutum tunani. Asabar da Lahadi ne masifar. Ya zauna a tsakar gida, ya miƙe, ya leƙa waje, ya dawo, ya kunna rediyo, ya kashe. Sai ya sayar da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya sayi motar kaya mai rufi, irin wadda babu kujeru a bayanta. Ya kai wa mai walda ya ce a raba masa bayan gida biyu, har ya ja layi da farin fenti a tsakiya. Dama na aiki: kantocin sifana, bututu, igiya da ƙaramin janareto. Hagu na hutu: benci mai naɗewa da ƙusar rataye fatsa. Ya ƙudurta duk Asabar sai bakin dam, inda ba mai tare shi ya ce masa ya haƙuri.

Asabar ta farko bencin ya ci masa baya, sai ya kwance buhu ɗaya ya zaro darduma da matashi. Ta biyu rana ta dame shi ta gilashin baya, ya ɗauko labule. Ta uku ya ji marmarin shayi, ya ɗauko risho da filas. Risho kuwa yana son wuri, don haka aka cire kantar ƙasa. Kayan da ke kanta ya rasa inda zai kai su, duk gidan babu fili sai ɗakin Tasalla. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe ta kamu ɗaya, ya cilla su ciki yana kallon gefe. Haka abin ya yi ta tafiya, mako bayan mako, ƙarfe na fita, tsumma na shiga. Warin man dizal ya hana shi sakewa, ya kawo kaskon turaren wuta. Darduma ta haye farin layin nan ta rufe shi. Mai walda ya gaji da yanka da liƙi, har ya riƙa yi masa ba'a cewa kafin shekara janareto ma sai ya nemi gidan haya. Kuma a bakin dam ɗin ma bai zauna ba. Ya jefa fatsa, kafin kifi ya shinshina ya janye, ya tada mota ya koma wancan gefen, can ma ya ga bai yi masa ba.

Ran wata Litinin aka kira shi wani ƙauye mai nisa, famfonsu kwana huɗu bai ɗiga ba. Ya tarar da mata jere da jarkoki cikin rana. Ya buɗe bayan mota, ya laluba babban sifanan kwance bututu, babu. Ya ɗaga darduma, ya leƙa ƙarƙashin benci, babu. Yana cikin wannan sai wata tsohuwa ta dogaro sandarta ta iso, ta ga labule, ta shaƙi turare, ta yi sallama a bakin motar kamar mai shiga gida.

"Ɗan nan, ashe da iyali kake yawo? Ina mai ɗakin, in gaishe ta?"

Ya juya ya duba da idon tsohuwar. Filas a dama da matashi, kujera 'yar tsugunno kusa da risho, kasko a lungu bayan labule. Komai na zaune daidai inda Tasalla take ajiye shi.

"Ta rasu, Iya."

"Allah ya jiƙanta. To mayar mata da kayanta gida mana, ka kawo mana ƙarfenka. Ƙishirwa muke ji."

Ya juya kan mota sai gida. Sifanan nan shi ya fara cillawa, yana can ƙuryar ɗaki, sauran kaya sun danne shi, hannu ba ya kaiwa daga bakin ƙofa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shiga. Ya yi ta fito da ƙarafa ɗaya bayan ɗaya har ɗaki ya koma fili, ya zauna a ƙasa daidai inda gadonta yake a da, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Kafin la'asar ta yi sanyi ruwa ya zubo a ƙauyen nan. Har yanzu yana zuwa dam wata Asabar ɗin, daga shi sai benci sai fatsa, kuma yana zama har kifi ya ci.

To Haladu, ban hana ka tafiya ba. Amma ka fara shiga ɗakin matar taka ka zauna, ko da na shan ruwa ne. Hausawa suka ce komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.