Funkason Goggo Hansatu

Wata uku ke nan da asibiti ya dasa wa Tabawa haƙorin awo, wanda ke mayar da abinci ɗaci da zarar mutum ya cinye rabonsa na yini. Likita ya ce sai ta rage ƙiba za a yi mata aikin gwiwa. Masana sun ce haƙorin ya gama da kwaɗayi. Da alama masanan ba su da goggo.

Ranar Juma'a ta je gaishe da Goggo Hansatu, wadda ta raine ta. Rabonta ya ƙare tun azahar, ga shi tsohuwar ta dire mata funkaso da miyar taushe.

"Goggo, a ƙoshe nake."

"A gidan wa? Wanke hannu, 'yar nema."

Tabawa ta kai loma, ta ji kamar ta tauna maɗaci. Ta san haƙorin zai sanar da likita, a sake ɗaga aikin. Ta ci gaba har ta suɗe kwanon.

"Gishiri ya ji?"

"Ya ji, Goggo."

"Madalla. Ni tun da aka dasa min nawa saboda hawan jini, shekara biyu ban san ɗanɗanon miyata ba. Bakinki nake jira ya gaya min."