Marigayi Farfesa Birniwa

Dakta Adila ta gama duba kumburin ƙafafun Baba Shu'ibu, ta zauna a bakin gadonsa. Tunda aka kwantar da shi a asibitin nan na Haɗeja ba wanda ya zo duba shi, shi ya sa take ɗan taya shi hira.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Ciwon ƙodar nan an yi bincike a kansa sosai. Akwai wani Farfesa Birniwa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin ƙauyukan fadama, yana gwada ruwa da jinin masunta. Ba likitan da zai yi rubutu kan cutar bai ambaci aikinsa ba, har a ƙasashen waje. Ni ma da shi na kafa hujja."

"Kin taɓa ganinsa, 'yata?"

"Ina! Ya daɗe da daina rubutu. An ce ya rasu. Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji tsohon.

Ya juyar da fuskarsa bango. Bai gaya mata shi ne Farfesan ba. Ya manta rabon da wani ya yi masa addu'a, kuma ba ya so ta janye wannan.