Kifi Mai Ƙundun Kaza

Tunda ka ce kasuwar sabon garin nan ta ƙi ka, har kana zargin an sa maka hannu, gyara zama ka ji wannan.

Wani masunci ne daga ƙasar Yawuri, gwanin fatsa, wanda ko giwan ruwa ba ya kuɓuce masa. Shekarar da kogi ya yi musu rowa, ya ɗauki matarsa da buhun gero guda suka gangara kudu, har inda kogi ke zuba cikin teku, ruwan ya zama zartsi, yana cika yana janyewa sau biyu a rana. Can ya tarar da wani kifi mai launin toka, garke-garke, yana tsalle har ya kusa faɗo masa cikin jirgi. Gogan naka ya ce kakarsa ta yanke saƙa. Ya sa tana a ƙugiya, shiru. Ya sa ƙananan kifi, ya sa hanjin kaza, ko sansanawa ba su yi ba. Mutanen wurin kuwa kullum da kwanduna cike suke dawowa. Ya tambaye su mana? Ina! Jikan sarkin ruwa ne, wai shi za a koya wa kamun kifi? Sai ya yanke cewa ɗaure masa ruwa aka yi, ya nemo laya ya rataya a goshin jirgi. Gero dai yana ta yin ƙasa, har kwano ya fara kartar gindin buhu. In ya ƙare kuwa sai komawa gida hannu rabbana, kuma wannan ya fi yunwar ba shi tsoro.

Rannan maƙwabciya ta aiko wa matar da kifin nan guda biyu. Tana cikin gyarawa sai ta ci karo da wani ƙulli a cikin kifin, mai tauri kamar ƙundun kaza. Ta tsaga shi, babu tana babu ƙaya, laka ce da gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, sai ɗan yashin da yake niƙa su da shi. Ta ɗora a tafin hannu ta kai masa, ta ce, "Maigida, ga wanda ya ɗaure maka ruwa. Wata guda kana yi wa mai cin laka tayin nama." Ya duba, kunya ta rufe shi, can kuma dariya ta ƙwace masa. Washegari ya ajiye ƙugiyoyi, ya je ya gaida mijin maƙwabciya ya tambaye shi. Mutumin ya nuna masa shimfiɗar laka inda kifin ke hawa kiwo in ruwa ya fara cika. Gogan naka ya tsaya cikin ruwa iya gwiwa ya watsa ragar birgi, da ƙyar ya jawo ta don nauyi. Kafin a kakkaɓe buhun, hayaƙin banda na tashi a ƙofarsu, hankalinsa ya kwanta, layar ma ya manta inda ta faɗi.

Kai ma kafin ka nemi laya, je ka ga abin da mutanen garin ke ci. Ai Hausawa sun ce, idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.