Dodon Buhun Taki

Dodon na leƙowa daga rijiya, gidan kallon ya fashe da dariya.

Shekara ashirin ina wasan barkwanci, har ta kai ko gaisuwar mutuwa na je sai jama'a su riƙa toshe baki. Shi ya sa na koma bayan kyamara na shirya fim ɗin ban tsoro, na rantse wa matata cewa in bai firgita kowa ba, zan koma noman dawa. A Ƙanƙara an yi dariya. A Faskari har da tafi. Garin Sabuwa ne ya rage mini, ga mu kuwa a cikinsa.

Wani dattijo ya nuna dodon, wanda muka ɗinka da buhunan taki, da sandarsa.

"Malam darakta, shi wannan mi ake kai mai kafin ya saki mutum?"

"Baba, ba ya karɓar komai. Cinyewa yake yi."

"Ashe mai sauƙin kai ne!"

Na fara tunanin inda na jefa fartanyata. Sai aka iso wurin da nake jin kunyarsa: ranar ɗauka wasu 'yan acaɓa sun bi ta bayan gonar da muke aikin, ƙarar baburansu ta shiga fim ɗin, na kasa cirewa.

Dariya ta ɗauke ɗif. Benci ya kife. Nan da nan ba kowa sai takalma da sandar Baba.

Ni kuwa ina can ƙarƙashin tebur na tuna cewa ni na ɗauki fim ɗin.