In'inar Sallau

Tun da yaƙi ya ɓarke aka hana kuratan soja buga waya kai tsaye. Sai ranar Juma'a bayan la'asar ake ba su minti uku, kuma duk abin da suka faɗa sai ya bi ta na'urar tacewa ta barikin horo kafin ya iso gida.

Kubura ta ajiye tankaɗen da take yi, ta riƙe wayar da hannu biyu. Mako biyu ke nan muryar autanta Sallau ba ta kwanta mata a rai ba.

"Inna, barka da Juma'a. Lafiya lau muke. Da asuba gudu, da hantsi koyon harbi, da rana shinkafa da wake har da nama."

"Ƙafar da takalmi ya saɓule maka fa?"

"Ta warke sarai, Inna."

Magana na zuba sumul, kamar mai karanta labarai a rediyo. Sallau ɗin da ba ya jera kalma uku bai sarƙe ba?

"Auta," ta ce a hankali, "ina in'inarka ta tafi?"

Wayar ta yi tsit, kamar ana shawara a can. Sai muryar ta dawo.

"I-i-inna, ho-horo ne yake gyara min baki."

Kubura ta zauna daɓas a kan turmi. Shekara ashirin Sallau yana fama da harshensa, amma akwai kalma ɗaya da bai taɓa sarƙewa a kanta ba, ko da zazzaɓi yake: Inna.