Inda Hajiya Ta Dangwala

Takardar zaɓe na hannunta, fuskoki shida na kallonta. Biyu daga ciki jininta ne, yayanta da ɗanta na fari, suna neman kujera ɗaya ta majalisar gunduma a Tamale, ƙasar Gana.

Wata uku ke nan ba su bar ta ta sha koko da daɗi ba. Yayan ya aiko da atamfa mai hotonsa, ya ce ta tuna wanda ya riƙe ta bayan rasuwar babansu. Ɗan ya rufe mata katanga da fastoci har kan taga. Famfonta da ya shekara babu ruwa kuwa, ba wanda ya tambaya.

"Hajiya, layi na jira," in ji jami'in zaɓe.

Ta yi tsaki, ta dangwala.

Da la'asar yayan ya kira. "Ƙanwata, kin yi abin da ya dace?"

"Na yi, Yaya."

Ɗan ma ya kira, ya ji amsa iri ɗaya, ya yi ta godiya.

Ta ajiye waya, ta ɗauki jarka, ta nufi rijiyar burtsatsen da wata malamar makaranta, ɗaya daga cikin fuskokin nan shida, ta yi wa unguwa fafutuka aka haƙa. Har yau malamar ba ta san wannan gida ya ba ta ƙuri'a ba.